Dokar Takarda Ba Ta Tare Garma: Ƙorafi a Kan Tuddan Durɓi ta Kusheyi

Gabas da birnin Katsina, tafiyar kimanin kilomita 30, a ƙasar Mani, akwai wasu tuddai da ba ruwa ko iska ne suka tara su ba. Hannun ɗan Adam ne ya ɗebo ƙasa, kwando bayan kwando, ya jibga ta a kan gawarwakin manyan mutane. Sunan wurin ma ya faɗi abin da ke cikinsa: Durɓi ta Kusheyi, wato Durɓi mai kaburbura. Tun shekarar 1959, kafin Nijeriya ta sami 'yancin kai, gwamnati ta ayyana wurin a matsayin kayan tarihi na ƙasa da doka ta kare. Abin da na zo faɗa a wannan maƙala shi ne, irin kariyar da muke ba waɗannan tuddai da makamantansu ta tsaya ne a kan takarda, kuma takarda ba ta tare garma, ba ta hana zaizayar ƙasa, ba ta firgita ɓarawo. Laifin kuwa namu ne baki ɗaya: hukuma, da masu sarauta, da masu ilimi, da mu talakawa da muka ɗauki kushewar kakanninmu tamkar juji.

Bari mu fara da abin da ke cikin tuddan, domin wanda bai san darajar kaya ba ba zai ji zafin asararsa ba. Labarin baka ya danganta wurin da Durɓawa, zuriyar da ta mulki ƙasar Katsina tun daga Kumayau har zuwa Sanau, wanda Korau ya kawar da shi ya kafa sabuwar sarauta. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman, a littafinsa kan tarihin Katsina daga 1400 zuwa 1883, ya ba wannan wuri muhimmanci wajen fahimtar yadda mulki ya tsiro a yankin. A 1992 masu bincike daga Jamus, tare da hukumar kula da gidajen adana kayan tarihi ta Nijeriya, suka haƙa uku daga cikin tuddan. Sun sami 'yan kunne da zobba na zinariya, da awarwaro na hauren giwa, da duwatsun ado, da wuri, da kayan tagulla, da ɓurɓushin tufafi da fatu. Gwajin kimiyya ya kai wasu daga cikin kaburburan zuwa wajen ƙarni na 14. An kuma sami tasar ƙarfe wadda masana suka danganta ƙirarta da Gabas ta Tsakiya, ta ƙarshen ƙarni na 15 ko farkon na 16.

A dubi abin da waɗannan kayayyaki suke faɗa. Wuri daga Tekun Indiya yake fitowa. Tasa ta ƙetaro Sahara a bayan raƙumi. Zinariya da hauren giwa suna nuna dukiyar da ta kai a binne ta tare da mai ita. Ke nan shekaru ɗari shida ko bakwai da suka wuce, mutanen wannan yanki suna cikin harkar fatauci da ta haɗa su da duniya mai nisa, suna da maƙera da masaƙa da majema, suna kuma da shugaban da zai iya tara ɗaruruwan hannaye su gina tudu. Turawa suna kiran zamanin da ba a bar rubutu a kansa ba da sunan zamanin kafin tarihi, kamar dai mutanen lokacin ba su yi komai ba sai jiran mai alƙalami. Tuddan Durɓi sun ƙaryata wannan suna. Tarihin yana nan, a ƙasa aka ajiye shi. Ba kuma Katsina kaɗai ke da wannan al'ada ba. Malamin Andalus, al-Bakri, ya bayyana a wajen 1068 yadda ake binne sarakunan tsohuwar daular Gana a cikin rumfar itace tare da kayansu, sannan a tula ƙasa a kai har ta zama tudu. An haƙa irin waɗannan tuddai a ƙasar Mali, ga kuma kaburburan tsibin duwatsu birjik a yankin Ayar na Jamhuriyar Nijar.

Akwai wani abu game da wannan fanni da jama'a da dama ba su lura da shi ba, alhali a kansa dukan hujjata ta dogara. Abin da ya fi daraja a cikin tudu shi ne yadda aka ajiye kayan, fiye da kayan kansu. Mai bincike yana so ya san wane abu ne a sama, wane ne a ƙasa, ina gawa ta fuskanta, me ke kusa da hannunta, wane gawayi ne ke gefen tukunya. Daga guntun gawayi ko ƙashi ake auna shekaru, domin kowane abu mai rai yana ɗauke da wani nau'in sinadarin kabon da rabinsa ke raguwa a duk shekara 5,730 bayan mutuwa. Daga haƙora ana gane abincin da mutum ya ci, daga ƙashi ana gane cutar da ta dame shi. Ranar da ɓarawo ya kafa diga ya zaro zobe ya watsar da saura, zoben zai iya kaiwa kanti a Turai lafiya lau, amma labarinsa ya mutu nan take. Masallaci idan ya rushe ana sake gina shi, littafi idan ya ƙone ana neman kwafinsa a wurin wani malami. Tudu ba shi da kwafi. Ko mai binciken da ya ƙware, haƙar da yake yi rushewa ce, abin da ya raba shi da ɓarawo shi ne rubuta komai da yake yi kafin ya ɗaga shi.

Wanda yake ganin tsoro ne kawai nake bayarwa, ya waiwayi abin da ya faru da maƙwabta. A yankin Tera na yammacin Nijar, an gano makabartar Bura a 1975, masanin nan ɗan ƙasar, Boubé Gado, ya haƙa ta bisa ƙa'ida a 1983, aka sami ɗaruruwan tukwanen binne mamata da mutum-mutumin yumɓu. Da aka baje kolin wasu daga cikinsu a Faransa a farkon shekarun 1990, dillalai suka ga kuɗi, aka far wa makabartun yankin da tono ba dare ba rana, har aka lalata mafi yawansu. A Nijeriya haka aka yi wa kayan Nok, haka aka yi a Kwatarkwashi ta jihar Zamfara. Abin ya kai ga a shekarar 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta fitar da jerin kayan Afirka da ke cikin haɗarin sata, sunan Nok da Sakkwato da Katsina da Bura duk suna ciki. A wannan shekarar ce kuma aka baje wasu mutum-mutumin Nok a gidan tarihi na Louvre da ke Faris, bayan Faransa ta saye su daga hannun dillali. Da aka yi ca, sai aka daidaita a kan cewa mallakar Nijeriya ne, amma za su zauna a can a matsayin aro na shekara 25. Kayanka ne, amma sai ka nemi biza kafin ka gan su. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Na san akwai masu ja da wannan magana, kuma ba zan yi kamar ban ji su ba. Na farko su ne masu cewa waɗannan kusheyin maguzawa ne, mene ne haɗin Musulmi da su, ba ma tsoron a mayar da su wurin tsafi? Wannan damuwa tana da tushe. An san cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi hani ga ɗaukaka kaburbura da mayar da su wurin bauta, an kuma san cewa a da can an yi al'adun gargajiya a irin waɗannan wurare. Amma abin da aka hana shi ne bauta da neman tabarruki, kuma ba wanda ke kiran a yanka baƙin bunsuru a gindin tudu. Kiran da nake yi shi ne a bar shaida ta tsaya domin a karanta ta. Alƙur'ani mai girma a wurare da dama ya umurci mutane su yi tafiya a bayan ƙasa su duba yadda ƙarshen al'ummomin da suka gabata ya kasance. Me za a duba idan an share komai? Sahabbai sun ci Masar da yaƙi a ƙarƙashin Amru ɗan Asi, suka bar dalar Fir'aunoni a tsaye, ƙarni goma sha huɗu ke nan malamai na wucewa ta gabanta. Saudiyya da kanta ta kai Mada'in Salih, wurin kaburburan da aka sassaƙa a jikin duwatsu, aka sa shi a jerin wuraren tarihi na duniya na UNESCO a 2008. Bahrain ta yi haka da dubban tuddan kaburburan Dilmun a 2019. Ba na jin za mu ce mun fi su kishin tauhidi.

Ƙari a kan haka, waɗanda ke kwance a Durɓi ba baƙi ba ne. Tasar da na ambata ta fito ne daga zamanin da Shehu Maghili ya ziyarci ƙasar Hausa, lokacin da Musulunci ya riga ya shiga fadar Katsina. Ashe tuddan suna ɗauke da labarin yadda kakanninmu suka taka daga tsohuwar al'ada zuwa addinin da muke alfahari da shi a yau. Mai son ya san girman ni'imar shiriya ya kamata ya fi kowa son sanin inda aka fito. Mu da muke yin shiru idan mun zo wucewa ta makabarta, muke hana yaro taka kushewa, ba ya kamata a same mu muna sayar da ƙasar kabari wa mai tifa don kawai mamacin ya riga mu da shekara ɗari bakwai.

Masu ja na biyu sun fi na farko ƙarfin hujja. Su ne masu cewa ana fama da yunwa da rashin tsaro, makarantu ba rufi, asibiti ba magani, kai kuma kana kukan tudu. Gaskiya ne, mai jin yunwa ba a yi masa wa'azin tarihi. Amma a duba lissafin da kyau. Kare tudu ba ya bukatar dogon gini ko na'ura mai tsada. Turakun siminti ne da za su nuna iyaka, da allo mai bayani, da mai gadi ɗan garin, da ciyawar da za a bari ta rufe ƙasa don kada ruwan sama ya wanke ta. Ba kuɗin magani ne ake son a karkatar ba, kuɗin ba su kai na buki guda na gwamnati ba. Sannan bambancin da ke tsakanin tudu da sauran bukatu shi ne, rufin makarantar da ba a yi bana ba ana iya yin sa baɗi, tudun da aka baje bana kuwa ya tafi har abada. Masu cewa a jira sai an yi arziki suna cewa ne a jira sai babu abin da za a kare.

Ba kuma zan yarda a ɗora wa manomi laifin duka ba. Mutumin da gonarsa ta gado ta haɗa da tudu, aka ce masa kada ya noma, ba a ba shi ko sisi ba, ba a ma gaya masa dalili ba, in ya matsa da garmarsa taki ɗaya kowace damina ba mugunta ya yi ba, lissafin cikinsa ya yi. Saurayin da dillali ya miƙa wa kuɗin da ya fi abin da zai samu a wata uku don ya tono tukunya, shi ne mafi ƙarancin riba a cikin sarƙar da ta kai har kantunan Faris da Landan. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Turawan da muke kwatance da su ma ba da wayewa aka haife su ba. A Ingila an baje tuddan kaburbura masu yawa da garma, masu neman dukiya sun fasa wasu, har sai da aka yi dokar kare wuraren tarihi a 1882 bayan doguwar gwagwarmayar John Lubbock a majalisa. Darasin da suka koya shi ne doka ita kaɗai ba ta isa ba, shi ya sa a yau gwamnati ke biyan manomi don ya daina noma a kan wurin tarihi ya bar shi makiyaya.

Yanzu ga hukuma. Dokar da ke kare kayan tarihi a Nijeriya ta samo asali daga ta 1953, aka sabunta ta da doka mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa hukumar da ke kula da gidajen tarihi da wuraren tarihi. Dokar ta hana haƙa ba tare da izini ba, ta hana sayar da kayan tarihi ga wanda ba wakilin hukuma ba. A rubuce komai ya yi kyau. Amma tarar da ta yanka wa wanda ya lalata wurin tarihi ita ce naira 1,000, ko ninki biyu na darajar wurin, ko ɗaurin wata 12. A 1979 naira 1,000 dukiya ce. A yau ba ta kai kuɗin mudun shinkafa ba. Wa kuma zai yi wa kabarin sarkin ƙarni na 14 kuɗi, balle a ninka? Ga shi tsawon shekaru jerin wuraren da aka ayyana bai wuce 65 ba a ƙasa mai faɗin Nijeriya, biyu kacal kuma, Sukur da dajin Osun na Osogbo, suka shiga jerin UNESCO. Wanda ke son ya ga ƙarfin wannan kariya ya zagaya ganuwar Kano, wadda ita ma doka ta kare, ya ƙirga inda aka gina shaguna da gidaje a kanta da inda aka kwashe ƙasarta. Idan haka ta faru da badala a tsakiyar birni, a gaban idon kowa, me ake zaton zai faru da tudu a bayan ƙauye? Ƙasar da ta cire darasin tarihi daga manhajar ƙananan makarantunta na tsawon kusan shekara goma ba ta da bakin mamakin yaran da suka taso ba su san darajar kufai ba.

Masu ilimi ma ba su kuɓuta ba. A 1907 jami'in mulkin mallaka H. R. Palmer ya haƙa babban tudun Durɓi da amincewar Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda shi kansa ya riƙe sarautar Durɓi kafin ya hau gadon sarauta. Kayan da aka fitar a lokacin sun salwanta, bayanin da aka bari kuma ɗan kaɗan ne. Wannan haƙa da sunan ilimi aka yi ta, amma sakamakonta bai bambanta sosai da na ɓarawo ba. Kayan 1992 kuwa sai da suka yi shekara 15 a ajiye kafin a kai su birnin Mainz na Jamus a 2007 domin gyara da nazari. A can aka fara baje su a 2011, aka wallafa bayaninsu cikin Jamusanci da Ingilishi, sannan suka dawo gida a 2014. Na yaba da dawowarsu, na kuma yaba wa waɗanda suka gyara su. Sai dai abin kunya ne a ce Bajamushe ya riga Bakatsine ganin zinariyar kakansa, kuma a ce labarin yana cikin harsunan da mafi yawan masu noma a gefen tuddan ba sa karantawa. Mutum ba ya gadin abin da ba a gaya masa nasa ne ba.

To, mene ne abin yi? Da farko a ƙirga. Jami'o'in da ke koyar da wannan fanni, irin su Ahmadu Bello ta Zariya, su fita da ɗalibansu su zagaya ƙauyuka, su rubuta kowane tudu da kufai, su sa shi a taswira, domin abin da ba a san da shi ba ba a sanin ranar da ya ɓace. Na biyu, majalisar tarayya ta gyara dokar 1979, a yi tarar da za ta sa dillali ya yi tunani sau biyu, a kuma wajabta wa duk ɗan kwangilar hanya ko madatsar ruwa ya bari a duba ƙasa kafin katafila ta shiga. Na uku, a biya manomi diyyar filin da ya bari, a ɗauki ɗansa aikin gadi, a mayar da shi abokin aiki. Na huɗu, a sa amanar a hannun hakimai da dagatai da masu unguwanni. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma baƙo ba ya shiga ƙauye da diga cikin dare mai unguwa bai ji ba. Sarautar Durɓi tana nan da ranta a Mani, ba wanda ya fi ta cancantar riƙe wannan amana. Na biyar, duk wanda aka ba izinin haƙa a sharɗanta masa ya rubuta sakamakon cikin Hausa, a karanta a rediyo, a kai ɗalibai su gani da idonsu, tunda gani ya kori ji. Na ƙarshe, a daina gaggawar haƙa. Tudun da ba a taɓa ba ajiya ce ga jikokinmu, waɗanda za su zo da kayan aikin da suka fi namu, kamar yadda na 1992 suka fi na 1907.

Muna yawan tinƙaho da cewa Katsina tsohon gari ne, ƙasar Hausa kuma tana da daɗaɗɗen tarihi. Maroƙa suna faɗa, mawaƙa suna rerawa, 'yan siyasa suna maimaitawa a wurin taro. Amma ranar da wani ya ce mu kawo shaida, kirari ba zai tsaya mana ba. Shaidar tana kwance a ƙarƙashin waɗancan tuddai, ta jure damina ɗari bakwai, ta ga faɗuwar Durɓawa, ta ga zuwan jihadi, ta ga shigowar Turawa da fitarsu. Idan ta ɓace a hannunmu, mu da muke da doka da jami'a da hukuma da kasafin kuɗi, ba mu da wanda za mu ɗora wa laifi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun tuddan suna tsaye ya kamata a kafa musu turaku, a naɗa musu mai gadi, a gaya wa yaran Mani ko su wane ne ke kwance a bayan garinsu.